Ranar da Alhaji Mamman Ya Naɗe Igiyoyinsa

Cikin duk shekarun da na yi ina gadin bene a Madina, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da aka aike ni in rufe wa mutane ƙofa, na ƙare da su zaune a kan katifata suna kushe mini shayi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ɗauka haris wanke mota kawai yake yi da fitar da shara. To ku gyara zama.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, bayan alhazai sun watse gari ya yi sakayau. Ina aiki a wani bene mai hawa huɗu a Aziziyya. Ga wanda bai sani ba, haris shi ne mai gadin gini. Ɗakinsa yana bakin ƙofa, mukullan tanki da na mita suna hannunsa, shi ke share matakala, shi ke kai wa mai gida rahoto. Sama da shi akwai mai gida, wanda galibi shi ne kafilinsa, wato igamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, tana ƙarƙashin sunan mai gidan. Sama da mai gida akwai umda, mai unguwa ke nan. In magana ta wuce umda ta kai inda baƙo ba ya so, don daga can sai jirgin mayar da shi ƙasarsu. Ƙasa da haris kuwa babu kowa sai kyanwa.

Mai gidana Ammi Bakur ne, wanda masu haya ke kira Abu Yasir, haifaffen Madina, kakansa ya tako da ƙafa daga Katsina. Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci, kuma ban taɓa ganin mai gudun fitina kamarsa ba. In ya ji mutum biyu na gardama a wannan gefen titi, sai ya tsallaka wancan. Masu hayarsa kusan duk irinsa ne, Hausawan da aka haifa a nan, masu takardar ƙasa, 'ya'yansu suna jin Hausa amma da Larabci suke mayar da amsa.

A can saman bene, wurin da ake kira suɗuhu, akwai ɗakuna biyu da rumfar kwano. Nan Alhaji Mamman yake. Mutumin Gusau ne, ɗan daudu, ya kusa sittin, ga ƙiba ga murya. Tare suke zaune da Malam Idi tela shekara da shekaru. Kowa ya sani, ba mai cewa komai. Sana'ar Alhaji tuwo ce, kuma ina faɗa muku tsakanina da Allah, tun da na baro Damagaram ban ci miyar kuka irin tasa ba.

Amma suɗuhun ba gidan abinci ba ne kawai. Daga la'asar ɗin Alhamis, da kuma bayan an sauko daga Juma'a, sai mutanensa su fara hawa. Wasu da ka ga tafiyarsu ka san 'yan daudu ne. Wasu kuwa direbobi ne da masu guga da ma'aikatan otal, da gemunsu da farar tobinsu, doguwar rigar nan ta Larabawa, sai sun cire takalmi sun zauna a tabarmar Alhaji sannan kafaɗarsu ke sauka. Ba abin sha sai shayi da zoɓo da kunun aya. Su sa kaset a hankali, su yi ludo, su yi ta habaici har sai wani ya yi fushi an ba shi haƙuri da ƙarin nama. Inna suke kiransa. A nan wanda aka sallama daga aiki yake jin labarin wani aikin. A nan wanda zazzaɓi ya kayar yake kwana ana yi masa kunu. Da yawansu shekaru sun wuce ba wanda ya aiko musu da gaisuwa daga gida, kuma a Madina kaf ba su da wani wurin da za su yi dariya da muryarsu ta gaskiya.

Farkon zuwana na sha mur, ina amsa sallamarsu da ƙyar. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam Isuhu, fuskar nan in ka ci gaba da ɗaure ta haka, sai an kawo tela ya warware." Aka miƙo mini kwano. Ni ba alƙali ba ne, haris ne, kuma ina jin yunwa.

Yanzu ga tsarin da ya kamata ku fahimta. Irin waɗannan gine-gine suna da wani rami a tsakiya daga sama har ƙasa don iska da haske, manwar ake ce masa, kuma tagar kicin ɗin kowane gida a cikinsa take buɗewa. Masu hayar nan duk suna son tuwon Alhaji, amma ba wanda yake son a gan shi yana hawa wurinsa. Sai Alhaji ya ɗaura igiyoyi a bakin manwar, kowane gida da tasa igiyar da nasa kwandon. Da azahar ta yi sai kwanduna su fara sauka, taga ta buɗe, a ɗauki kwano, taga ta rufe. In an haɗu da shi a matakala kuwa, sai kowa ya tuna yana da abin dubawa a jikin bango.

Wanda ya tayar da maganar Abu Majid ne, mai hawa na biyu, mai shagon darduma da carbi kusa da Harami. Wata Alhamis aka zo neman auren 'yarsa. Abin a rufe ake yinsa tukuna, ko maƙwabta ba a gaya wa ba. Baƙin suna hawa matakala da tiren kayan zaƙi, sai suka ci karo da Ɗan Asabe, ɗaya daga cikin mutanen Alhaji, mai guga a wani otal. Shi kuwa Ɗan Asabe a duniya ba ya iya ganin tiren biki ya yi shiru. Ya dafe ƙirji, ya toshe hanci, ya rangaɗa guɗa wadda na ji ta har ɗakina. Uban mai neman auren ya yi murmushi ya waiwaya don ya ga wace baiwar Allah ce mai murna haka, sai ya ga ƙato da gashin baki riƙe da ledar albasa.

Auren bai fasu ba, amma Abu Majid ya rantse sai an kwashe suɗuhun. Ya kira Ammi Bakur, ya ce in bai ɗauki mataki ba shi zai je wurin umda da kansa.

A ƙa'ida, in mai haya ya kai ƙara, mai gida yakan zo ya saurare shi a gidansa, haris yana tsaye a bakin ƙofa a matsayin shaida. Ranar Asabar kafin azahar muka shiga. Abu Majid ya fara bayani, hannunsa na tashi sama.

"Ya Abu Yasir, wannan aibi ne! Gidan iyali ne fa. Ni wallahi ban taɓa hulɗa da mutanen nan ba, ko inuwarsu ba na so."

Yana rufe baki sai muka ji ƙwas ƙwas a tagar kicin. Kwando ne yake bugun gilashi. Daga sama muryar Alhaji ta sauko ta cikin manwar, tar kamar lasifika.

"Abu Majid! Ga naka nan! Na rage barkono saboda basir ɗinka, man shanun kuma yana gefe!"

Na sunkuyar da kai ina nazarin takalmina. Ammi Bakur ya yi tari mai tsawo a cikin gutirarsa, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a kai. Abu Majid ya ce ai na iyali ne, shi ba ya ci. Ƙamshin daddawa kuwa ya riga ya cika falon.

Daga nan muryarsa ta sauka, ya kawo sulhu. Ya ce shi abinci bai dame shi ba, abinci halal ne, taron ne ba ya so. Ammi Bakur ya ga hanyar tsira ya kama ta da hannu biyu. Ya juyo gare ni.

"Halas, magana ta ƙare. Ya Isuhu, ka hau ka gaya masa. Girki ya ci gaba, igiya ta ci gaba. Amma daga yau ba wanda zai hau suɗuhu sai mazaunin gidan nan. Kai za ka tsaya a ƙofa."

Na ce, "Ammi, mutanen nan fa ba su da inda za su."

Ya ce, "In maganar ta je wurin umda, za su sami inda za su, a jirgi. Ɗayyib? Ka gane?"

Gaskiyarsa ce, kuma igamata tana aljihunsa. Na hau.

Na tarar da Alhaji yana tuƙa tuwo. Na faɗi saƙon ina jiran ya tashi gini da masifa, don bakinsa ba kanwar lasa ba ne. Sai kawai ya gama tuƙinsa, ya wanke hannu, ya je bakin manwar ya fara jawo igiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana naɗe su a gwiwar hannu. Malam Idi yana kan keken ɗinkinsa bai ɗago ba.

Na ce, "Alhaji, an ce fa girki ya ci gaba."

Ya ce, "Wa ya ce na daina? Tukunyata a buɗe take. Sun ce mazaunin gida ne kawai zai hau, ko? To su hawo. Tuwon suke so, mu ne ba sa so. Ni kuwa tare nake sayar da mu."

Alhamis ta zagayo, na tsaya a ƙofa ina mayar da mutane. Ban taɓa jin nauyin aikin nan ba kamar ranar. Wanda ya fi tsaya mini a rai Baba Sale ne, wani tsoho da ƙafa ta kumbura, wanda yake hawo bas tun daga unguwar Jurf kowane mako. Na gaya masa, bai yi gardama ba. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya juya yana jan ƙafa. Da gani ba yau aka fara mayar da shi daga ƙofa ba. Zuciyata ta ƙi. Na ce ya shigo ɗakina ya huta kafin bas.

To ashe ƙofar gari na buɗe. Umarnin Ammi suɗuhu ya ambata, bai ce komai a kan ɗakin haris ba, kuma Ɗan Asabe ne ya fara lura da haka. Kafin magariba ɗakina, wanda ni kaɗai ma sai na karkace nake sallah a ciki, ya cika taf. Wasu a katifa, wasu a kan tukunyar gas, sauran sun baje a bakin ƙofa. Suka ɗanɗana shayina suka kalli juna.

Ɗan Asabe ya ce, "Wayyo ni! Malam Isuhu, da ruwan wankin mota ka dafa?"

Suka sauke labulena suka ce ko gidan makoki ba a rataya irinsa. Suka jera mini kwanuka, suka canja wa gadon fuska. Ina tsaye a waje kamar ni ne baƙon. Can sai ga igiya guda ta sauko, ba ta manwar ba, ta gaban bene, a idon duk mai wucewa, da ƙatuwar tukunya a ƙarshenta.

Abu Majid ya so ya raba taro da matakala, sai ga taro ya dawo bakin ƙofa. Sau biyar a rana yake fita masallaci, kuma ranar Juma'a sai da ya ratsa ta cikinsu. Suka tashi tsaye da ladabi, suka haɗa baki: "A dawo lafiya, Abu Majid! A sa mu a addu'a!" Ya wuce kamar ana bin sa da bulala.

A cikin gini kuwa yunwa ta fara aiki. Alhaji ya matso da murhunsa daf da bakin manwar. Da hantsi sai ya soya albasa, ya jefa daddawa, ya ɗauki mafici yana kora ƙamshin ƙasa. Na gan shi da idona. Mutanen da suka saba da tuwo suka koma abincin Larabawa, shinkafar bukhari da waken ful, safe da rana, yara na murna, manya na ramewa.

A ƙa'ida, mai haya ba ya taɓa tankin ruwa sai da haris, don mukullin kejin yana wurina. Tankunan kuwa a suɗuhu suke. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayata lafiyar tanki. Kwatsam sai mai hawa na uku ya ce ruwansa yana fitowa da wani irin launi. Na raka shi. Ya leƙa tanki kamar mai duba rijiya, sannan ya juya ya ce, "A'a, Alhaji, ashe kana nan?" Kamar da a wata ƙasa ya zaci yake. Ya nemi a zuba masa ya sauka da shi. Alhaji ya ce kwanukansa ba sa sauka, tabarma ga ta nan. Mutumin ya zauna a bakin tabarma ya cinye, ya nemi ƙari.

Washegari tankin hawa na huɗu ya kamu da ciwon. Daga nan sai eriyar talabijin ta wani ta karkace. Na yi ta hawa da sauka da mukulli har cinyoyina suka yi tsami.

Wadda ba ta nemi dalili ba Hajja Zainabu ce, tsohuwar hawa na ɗaya, mai ciwon gwiwa. Ta kira ni ta ce in riƙe mata hannu. Muna hawa tana hutawa tana zagin mazan gidan ɗaya bayan ɗaya da sunan uwarsa. Ta ce lokacin da take takaba ba ta fita, wa ya sauko mata da kunu kullum ba ta roƙa ba, in ba Alhaji ba? Ta ce ita ruwanta lafiya lau, tuwo ta zo ci.

Ranar Alhamis ta gaba da la'asar, ɗakina cike, sai ga Abu Majid ya leƙo. Ya kira ni gefe, ya rage murya.

"Ya Isuhu, famfona yana wani irin ƙara."

Na ce, "Tankin ne, Abu Majid. Ciwon yana yawo a gidan nan."

Muka hau. Muna buɗe ƙofar suɗuhu ya tsaya cak. Mazan gidan kusan duka suna kan tabarma, hannu dumu-dumu da miya. Hajja Zainabu tana gefe a kan kujera tana ba da umarni. A tsakiya kuwa, da gutira a kafaɗa da malmala a gabansa, Ammi Bakur ne, wanda Abu Majid ɗin ya kira da safe don ya zo ya ga cunkoson bakin ƙofa. Ya zo ya gani, ya ce bari ya hau ya ji ta bakin Alhaji, bai sauko ba.

Abu Majid ya nufi tanki. Alhaji ya ce, "Bar tankin nan, ya sha dubiya a makon nan. Zo ka wanke hannu."

Ya matso, ya miƙa hannu a kan kwano, Alhaji yana zuba masa ruwa daga buta. Sai Alhaji ya tsaya yana kallon hannun.

"Zoben azurfa mai jan dutse, da tabon ƙuna a babban yatsa. Wannan ne hawa na biyu." Ya nuna wani. "Wancan mai agogo a dama, hawa na uku, ba ya son kuɓewa. Duk na san ku. Shekarun nan ina leƙa manwar, hannuwanku nake gani suna fitowa daga taga. Fuska kuwa ko a matakala ba a ba ni. Yau ne na haɗa kowane hannu da mai shi."

Ba wanda ya yi dariya.

Alhaji ya ci gaba yana zuba ruwan. "Ɗan Asabe ya yi wauta, na kuma ja masa kunne. Murna ce ta kwashe shi, ba sharri ba. Amma waɗanda ke ƙasa a ɗakin Malam Isuhu, su ne iyalina. Kai in an ce ka ci gaba da buɗe shago amma kada 'ya'yanka su shigo gidanka, za ka yarda?"

Abu Majid ya zauna, aka ajiye masa kwano. Ya kai loma ta farko ya rufe ido. Sai da ya kusa rabi sannan ya yi magana, kuma kwanon yake kallo.

"Ya Abu Yasir, matakalar nan ta fi bakin ƙofa sutura. Su riƙa hawa. Sai dai fa ban da guɗa."

Hajja Zainabu ta ce, "Ranar bikin 'yarka fa? Matan yanzu akwai mai iya ta?"

Ya ce, "Ranar sai a gani."

Ammi Bakur, wanda tun da aka fara bai daina ci ba, ya ɗaga hannu mai miya ya ce, "Halas, mafi mushkila, ba matsala. Ya Isuhu, sauka ka buɗe musu."

Na sauka na gaya musu. Na zaci za su tashi gidan da shewa. Sai suka cire takalma suka riƙe a hannu, suka hau a layi shiru kamar masu shiga gaida mara lafiya. Ni na riƙo Baba Sale a baya. Da muka kai, mazan gidan suka muskuta aka matsa musu wuri, kowa yana kallon kwanonsa. Baba Sale ya lallaba ya zauna a kusurwar da ya saba, ya shafa tabarmar, sai hawaye. Ya ce, "Inna, na zaci an sake korarmu."

Alhaji ya juya baya yana goge ido da gefen zaninsa, sannan ya daka masa tsawa. "Kuka a kan tabarmata, ga baƙi? Ungo wuƙa, yanka mini albasa ka sami dalili!"

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar kowa ya zama ɗan'uwan kowa ba. A kan titi Abu Majid bai fasa duba agogonsa ba in ya hango su. Amma suɗuhun ya ci gaba da cika duk Alhamis da Juma'a har shekarar da aka sayar da ginin, kuma maganar ba ta taɓa kaiwa ga umda ba.

Abin da na koya shi nake so ku riƙe. A aikin nan za a ba ku mukulli a ce ku tsare gida, kuma za ku bi umarni, don igamarku a hannun wani take. Masu ƙara kuma kullum suna da murya, suna da takardar ƙasa, suna da wani falon da za su zauna in wannan ya ƙi. Amma kafin ka mayar da mutum daga ƙofa, ka dubi yadda yake juyawa. In ya tsaya yana masifa, yana da inda za shi. In ya ce maka "to" ya juya a hankali, wannan ba shi da wata ƙofar a garin nan, kuma kai ne na ƙarshe da zai iya cewa ya shigo ya zauna.